Danshi a Bangon Ɗakin Yara

Asabar, Anguwar Rogo, Jos

Sanyin bana ya sauka da ƙarfinsa. Da na dawo daga sallar asuba, uwargida ta tare ni da maganganu biyu. Famfon kicin yana ɗiga tun daren jiya, sannan bangon ɗakin yara, wanda ya yi baya da banɗaki, ya jiƙe har fenti ya fara kumbura yana ɓarewa. Ta ƙara da cewa tankin da muka cika shekaranjiya ya yi ƙasa fiye da kima. Wannan ta ukun ce ta fi tayar mini da hankali. Rani ya kama, rijiya ta fara ja da baya, kuma duk ruwan da ya tsiyaye cikin bango ruwa ne da zan sake saya a hannun 'yan ga-ruwa, jarka bayan jarka.

Na fara da famfon kicin, don shi na san kansa. Na rufe bawul ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na buɗe famfon ragowar ruwan ya fita, na sa sifana na kwance kan. 'Yar robar da ke ciki ta baje, gefenta ya tsage. Na sa ta a aljihu na taka zuwa wani shago a titin Bauchi, domin in ba ka tafi da tsohuwar ba, sai a ba ka wadda ba daidai ba ka yi sawu biyu. Na haɗo da farin tef. Babban ɗana ne ya riƙe mini tocila, na nuna masa yadda ake naɗa tef ɗin ta ɓangaren da ake ɗaure zaren ƙarfen, don kada ya warware idan an murɗa. Da muka buɗe ruwa, ko ɗigo babu. Ina son yarana su tashi da sanin irin wannan. Bai kamata magidanci ya zauna jiran wani kwana biyu saboda 'yar roba ba, ruwa yana ta zuba.

Wajen ƙarfe goma ƙanena ya shigo gaishe mu. Ya shafa bangon, ya ce, "Yaya, ai wannan ma ba sai an kira kowa ba. Akwai bidiyonsa a YouTube. Mu ɗauko guduma mu cire tayil biyu, mu yanke wurin, mu sa gam, shi ke nan."

Maganar ta shige ni. Wata bai ƙare ba, ga kuɗin makaranta a gaba. Kuma na san dalilin da ya sa mutane da yawa a garin nan ke gudun kiran fulamba: wani zai zo da jakar kayan aiki, ya fasa maka rabin banɗaki, ya karɓi kuɗin kaya, washegari wayarsa a kashe. Na daɗe tsaye ina kallon bangon. Abin da ya tsayar da ni shi ne ban san inda yoyon yake ba. Ruwa a cikin bango yakan bi jikin bututu ya je nesa kafin ya bayyana, don haka inda danshi ya fito ba lalle nan ne ɓarakar take ba. Sannan a wannan bangon ne hitar ruwan wanka take rataye, wayar wutarta tana binne a ciki, ban san ta ina ta bi ba. Guduma, jiƙaƙƙen bango, da wayar lantarki, a gidan da yara ke wanka kullum. Na ce masa, "A'a, kada garin gyaran gira a rasa ido." Na kashe makunnin hitar, na kira wani dattijon fulamba da liman ɗin unguwarmu ya taɓa yaba mini aikinsa a wurin alwalar masallaci.

Ya iso bayan azahar, shi da yaronsa a kan babur. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa guduma ba sai da ya yi kusan awa ɗaya a gidan. Ya sa aka rufe duk famfunan gida, ya hau ya sa alama da alli a jikin tanki daidai inda ruwa ya tsaya. Ya rufe layin da ke shiga hita, ya bar na ruwan sanyi a buɗe, muka zauna shan shayi. Da ya koma ya duba, ruwa bai motsa ba. Ya buɗe layin hitar, muka sake jira, sai ga shi ya ɗan sauka. Ya ce, "Alhaji, matsalarka a layin ruwan zafi take." Ya bi tayil ɗin yana ƙwanƙwasawa da gindin sukundireba yana saurare, har ya tsaya a kan ɗaya, can sama kusa da hitar, nesa da inda ni da ƙanena muka yi niyyar farawa. Shi kaɗai ya cire.

A bayansa akwai gwiwar bututu, wadda suke kira elbo, ta ɗan karkace, bakinta ya buɗe kamar gashin kai, ruwa yana tsattsafowa a hankali. Ya nuna mini da yatsa. Wanda ya yi aikin tun farko ya ja ruwan zafi da farar roba ta PVC, irin ta ruwan sanyi. Ita kuwa da zarar zafi ya haura digiri 60 sai ta fara laushi, gam ɗin ya saki. A garin da ke sama da mita 1,200 daga doron teku, inda hita ke aiki safe da yamma daga Nuwamba har Fabrairu, ba za ta daɗe ba. Ko da na gano wurin da kaina, da sabon elbo irin wannan zan saya in manna, ya sake buɗewa kafin sanyin baɗi.

Sai kuma abin da ya sa jikina ya yi sanyi. A ƙarƙashin hitar akwai ɗan bawul mai fitar da ruwa idan matsi ya yi yawa a ciki. Namu an toshe bakinsa tun kafin mu tare a gidan, wataƙila don yana ɗiga. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Wannan ɗigar ita ce numfashin hita. Idan na'urar da ke kashe wuta ta lalace ruwa ya ci gaba da tafasa, ta nan kaɗai zai samu mafita." Na tuna sau nawa ƙaramar 'yata ta tsaya wanka a ƙarƙashin wannan tukunyar. Babu bidiyon da zai nuna mini wannan, tunda ban ma san in neme shi ba.

Muka yi ciniki a fili, kuɗin aiki daban, kuɗin kaya daban. Ya rubuta mini abin da ake bukata a takarda: koren bututun roba mai jure ruwan zafi da ake kira PPR, na rabin inci, elbo, soket, wato mahaɗin bututu, mai zaren tagulla, da sabon bawul na hita. Ni da yaronsa muka je muka sayo, na karɓi rasit. Bai ji haushi ba, ya ce ya fi son haka, babu zargi. Ya ba ni zaɓi tsakanin fasa bango a binne sabon layi ko a bi da shi ta waje a kama da kilif. Na zaɓi ta waje. Bai kai na binne kyau ba, amma duk ranar da ya yi yoyo idona zai gani.

Haɗa PPR ba da gam ake yi ba. Wani inji ne mai zafi, wajen digiri 260, ake cusa bakin bututun da na elbo su narke kaɗan, a haɗa su da sauri su zama abu ɗaya. Muka tayar da janareta saboda shi. Ina kallon hannun dattijon, yana ƙirga daƙiƙu a ransa. Ya ce in ya wuce lokaci robar takan narke ta toshe hanyar ruwa daga ciki, ba wanda zai gani. Shekara da shekaru ya yi a ƙarƙashin ubangidansa kafin ya yi jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago. Ya yi ƙorafin cewa yaran yanzu wata shida suke yi su gudu su buɗe nasu, alhali hedkwatar ITF, hukumar horar da sana'o'i da aka kafa a 1971, tana nan cikin garin Jos. Na ji zafin maganar, domin gidajen irinmu ne ke biyan kuɗin wannan gaggawar.

Gab da magariba ya buɗe ruwa, ya kunna hita, ya goge kowace mahaɗa da busasshen ƙyalle ya jira ya ga ko za ta jiƙe. Ya ce kada a mayar da tayil ko a yi fenti sai bangon ya bushe sarai, iskar hunturu za ta taimaka. Na biya shi abin da muka yi, na ƙara wa yaron na mai.

Kafin ya hau babur ya nuna mini tsohon bututun ƙarfen da ya sauko daga tanki, ya ce tsatsa ta cinye cikinsa, shi ya sa ruwan shawa ba ya da ƙarfi. Mun ajiye wannan sai an yi albashi. Ya kuma koya mini yadda zan daidaita ƙwallon da ke rufe ruwa idan tanki ya cika, ya ce wannan kam kada in kira shi, in yi da kaina. Gobe bayan an karya zan hau in gwada.