Mako Na Uku Da Birkin Motar Da Nake Ja

'Yan'uwa masu koyon wannan sha'ani, yau mako uku ke nan da na fara ɗaura ƙaramar motata a bayan motar gida, wato babbar mota mai ɗakin kwana a ciki, a nan Amurka, ina jan ta tayoyinta huɗu a ƙasa. Tun farko na yanke shawarar ba zan hau babbar hanya ba sai ita ma tana da birkin kanta, domin nauyinta ya kusa kilogiram 1,800, alhali jihohi da dama suna wajabta birki ga abin da ake ja idan ya kai fam 3,000, wato kusan kilogiram 1,360. Ko babu doka ma, duk wanda ya taɓa sauko gangara da irin wannan nauyi yana tunkuɗo shi ta baya ya san dalili.

Na zaɓi na'urar da ake ajiyewa a ƙasa gaban kujerar direba ta ƙaramar motar. Tana jingina da kujerar, hannunta yana riƙe da fedar birki, kuma tana takawa gwargwadon yadda ta ji motar gida tana rage gudu. Akwai irin da ake girkawa dindindin, kamar Air Force One mai amfani da iskar birkin manyan motocin dizal, amma tawa motar gidan ta fetur ce.

Kuskuren da na yi a ranar farko shi ne abin da nake so ku riƙe. Idan aka kashe injin ƙaramar motar, tukunyar da ke sauƙaƙa taka birki tana riƙe da ragowar zuƙar iska, wadda takan isa taku biyu ko uku. Na'urar kuwa an saita ta ne don feda mai tauri. Ban zubar da wannan ragowa ba, saboda haka da na taka birki a mahaɗar farko sai tayoyin ƙaramar motar suka kame, suka yi ƙara a kan kwalta, har na ji fizgar a sitiyari. Yanzu ba na tashi sai fedar ta sha taku sau da yawa ta yi tauri.

Na kuma gwada makunnin gaggawa, wanda ke kama birki idan ƙaramar motar ta ɓalle, a filin ajiye motoci: na zare fil ɗinsa da hannu, birki ya kama nan take. Wayarsa tilas a ɗaure ta a jikin motar gida kanta, ba a sandar ja ba, domin idan sandar ce ta ɓalle za su tafi tare, fil ɗin kuma ba zai fita ba.

Matsalar da ta rage ita ce batirin ƙaramar motar. Bayan tafiyar yini guda na same shi ya yi sanyi, tunda na'urar daga gare shi take shan wuta. Ranar Asabar, in Allah ya yarda, zan jawo wayar caji mai fiyus daga motar gida, sannan in sake gwaji a gangara, in taɓa kowace taya bayan na sauko don in ji ko ta yi zafi, alamar birki yana goga.