Layi guda a takardata ya hana Baba maigadi albashin Fabrairu

Biro ɗinmu a nan Tahoua ƙaramin wuri ne, na ƙungiyar masu noman albasa, ɗaki biyu da mangaza a baya, sai wata tsohuwar ordinatar da anka ba mu kyauta wadda in ka buɗe mata shafi ukku na intanet sai ta kama huci kamar jaki ya hau tudu da kaya. Ni na sa mata Debian, wani tsarin tafiyar da ordinatar na kyauta, na cire duk kwalliya, na bar baƙin allo da rubutu kawai. A kanta na sa Remind, ɗan shirin tuni da kalanda ne wanda wata mata a Kanada, Dianne Skoll, ke riƙe da shi sama da shekara 30 kenan, kyauta ne kuma babu ruwanshi da intanet. Kana rubuta abin da kake so a tuna maka layi-layi cikin fayil guda, ~/.reminders, da safe ka buga rem ya zubo maka abin da ke gabanka yau, in ka buga rem -c ya zana maka kalandar wata da ƴan sanduna da ɗigo-ɗigo.

Ni dai ya yi mani, matsalar ita ce ba ni kaɗai ke biro ba. Hajiya ma'ajiyarmu ita ke riƙe da ranakun biyan kuɗi, kuma Faransanci ta yi a lakwal kamar kowa a nan, shi ko littafin bayanin Remind, wanda ke fitowa in ka buga man remind, da Ingilishi yake kuma dubban layuka ne, ni kaina ban taɓa karanta shi daga farko har ƙarshe a zama guda ba. Sai na ce bari in rubuta namu da Hausa, gajere, na sa mishi suna tuni, duk wanda ya buga man tuni ya gan shi. Dare biyu na yi shi a 2021, ina ta jin kaina.

Abin da ya fara ba ni kunya ma ba Remind ba ne, kayan rubuta shafin man ne. Ana rubuta su da wani tsohon tsari, groff, inda duk layin da ya fara da ɗigo umarni ne, .TH kan shafi, .SH babban sashe, haka dai. Abin da ban sani ba shi ne layin da ya fara da ƴar waƙafin sama ma umarni yake ɗaukarshi. To ni kuma a kilabiyen AZERTY babu ƴ, na saba buga 'yan kamar yadda ƴan Najeriya ke yi. Akwai layin da ya fara da 'yan ƙungiya su biya kuɗin wata kafin ranar 10, layin nan gaba ɗaya ya ɓace, ba kuka ba gargaɗi, yana nan cikin fayil amma babu shi a allo. Na kusa sati ina zargin idona. Maganin ashe ka sa \& a gaban waƙafin, ko ka yi abin da na yi daga baya, na koma ƴ mai lanƙwasa irin wadda tsarin rubutunmu na Nijar ya aje. Sai kuma da na zo buga shi a takarda ta hanyar PDF, haruffan da groff ke zuwa da su ba su da ɓ da ɗ da ƙ, ƙasa ta koma asa, ɗaki ya koma aki. Na haƙura na fitar da shi rubutu zalla na buga haka, munka manna a bango da sikoc.

Amma babban abin a Fabrairun 2022 ya faru. Cikin takardar akwai wurin da na sa misali na abin da ake biya ƙarshen wata, na rubuta:

REM 30 +2 MSG Albashin maigadi

Ma'ana ranar 30 ga kowane wata, ya fara tuni tun saura kwana 2. Ban gwada shi ba, daga kaina na rubuta shi don ai a ganina abu ne mai sauƙi. Hajiya ta kwafe shi yadda yake harafi da harafi, kuma ta yi daidai, takarda ce ta ce mata haka. Oktoba ya yi, Nuwamba ya yi, Disamba da Janairu lafiya lau. Fabrairu kuwa ba ta da 30, Remind kuma ba ya ƙirƙiro ranar da babu ita, ya tsallake watan shiru ya tafi jiran 30 ga Maris. Ni lokacin ina Galmi wurin sayen iri da zancen buhuna, Hajiya ga taron biki a gidansu, ta dogara da allo, allo bai ce komai ba.

Baba maigadi dattijo ne mai kunya, irin mutanen da ko yunwa za ta kashe su ba za su buɗe baki su tambayi haƙƙinsu ba. Sai ranar 4 ga Maris da na dawo, ina jingine moto ya taso daga tabarmarshi, ya gaishe ni ya tambayi hanya ya tambayi mutanen Galmi ya tambayi zafi, sannan yana kallon ƙasa ya ce, "Ɗana, ko dai ƙungiya ta shiga wani hali ne? In haka ne ba komai, sai in san yadda zan yi da mai shago." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na shiga wurin Hajiya da ɗan zafi-zafi, ita ko ba ta ce uffan ba, ta tashi ta ɓamɓaro takardar daga bango ta aje mani a tebur ta ɗora yatsa a kan layin. "Malam, wa ya rubuta wanga?" Na biya Baba a take, na ƙara mishi jika guda daga aljihuna na goro.

Daidai ɗin shi ne REM 1 --1, wato ka tsaya a 1 ga wata ka ja baya kwana guda, ko watan 28 ne ko 29 ko 31 zai faɗo a ranar ƙarshe. Kuma abin haushin, Remind ya ba ka hanyar gwaji a sauƙaƙe, kana iya ba shi kowace rana ka ce ya yi kamar yau ce, ka buga remind da sunan fayil sannan 28 Feb 2022 ya nuna maka abin da zai faɗa ranar. Sakan biyar da sun ishe ni.

Daren nan na zauna na bi misalan takardar ɗaya bayan ɗaya, su 14, na sami wasu biyu masu ciwo. Na rubuta REM Fri 15 da nufin in 15 ga wata ta faɗo Juma'a, ashe shi abin da yake ji shi ne Juma'ar farko daga 15 zuwa gaba, kowane wata sai ya yi magana. Na biyun kuma bambancin +3 da ++3, mai alama guda yana tsallake ranakun hutun da ka cire da OMIT wurin ƙirga, mai alama biyu yana ƙirga kowace rana, ni kuwa na rubuta kamar duk ɗaya ne. Yanzu misalan suna cikin fayil nasu daban, ina da ɗan rubutun da ke zagaya da su kwanakin shekara guda cur in duba da idona, kuma ba na buga misali da hannu cikin takarda, daga fayil ɗin da anka gwada nake kwafowa.

Akwai kuma abubuwan da sai da na zauna bayan Hajiya na yi shiru ina kallon yatsunta sannan na gane. Tana buga Avr da Aout da Fev, abin yana mata tsawa da Ingilishi, don sunayen watanni na Ingilishi kawai yake ji. Ni ban taɓa tunanin rubuta wanga ba saboda hannuna ya saba. Yanzu shi ne farkon abu a shafin, watanni 12 a jere, Hausa, Faransanci, da wanda za ka buga. Bayanin tarihi da na cika sama da shi, wa ya yi shirin da mi ya sa yake da kyau, na tura shi can ƙasa, babu wanda ke buɗe takarda don shi.

Ranakun hutu masu tsayayyar rana ba wuya, 1 ga Mayu, 3 ga Agusta, 18 ga Disamba, ka sa su sau guda ka manta. Salla ce ba ta shiga wanga tsari. Remind ya iya lissafin haihuwar wata, yana da moondate, kuma na so in yi burga da shi, amma a nan sai an ga wata an sanar a rediyo, kuma kowace shekara tana matsowa da wajen kwana 11. Na rubuta ƙarara cewa ranar Salla ƙarama da ta layya da Mauludi da hannu ake sa su bayan sanarwa, kada kowa ya dogara da na'ura.

Sai a 2023 na sa Debian 12 a ordinatar tawa ta gida, na ga sabon Remind ya san kalmar Lastday, ba sai ka yi dabarar 1 --1 ba. Daɗi ya kama ni na gyara takarda a daren, da safe na kawo a kile, Allah ya taimake ni na gwada kafin in manna, tsohuwar ta biro ta ce ba ta san zancen ba. Na mayar da tsohon layi, kuma tun ranar a saman shafin akwai sigar Remind da anka gwada misalan a kanta da ranar da anka gwada.

Takardar bango yanzu ta cika da jan biro na Hajiya, duk inda ta tsaya ba ta gane ba sai ta ja layi ta sa alamar tambaya, ƙarshen wata in kwashe in gyara in sake bugawa. Wancan satin ta ja layi ƙarƙashin kalmar siga ta rubuta a gefe, "mi ke nan?" Har yanzu ina neman kalmar da zan sa a wurin.