Abin da Koyar da Labarin Halitta Ke Koya wa Malami

A makarantar Lahadi, ko ajin baftisma, ko shekarar farko ta makarantar Littafi Mai Tsarki, wuri ɗaya darasin halitta ya saba lalacewa. Malami bai kai aya ta biyar ba wani zai ɗaga hannu ya ce, kwanakin nan shida na awa 24 ne? Wani kuma ya ce su a sakandare an gaya musu daga biri mutum ya fito. Sai aji ya rabu biyu, lokaci ya ƙare, a watse ba a karanta nassin ba. Babban darasin da wannan aiki ke koya wa mutum shi ne a fara da karatu. Tambayoyin kwanaki da kimiyya suna da muhimmanci kuma za a zo kansu, amma a rubuta su a gefen allo su jira sai an ji abin da Farawa, littafin farko na Littafi Mai Tsarki, ta faɗa da bakinta.

A karanta da murya daga 1:1 har 2:3, kada a tsaya a ƙarshen sura ta farko. Ayoyi 34 ne, ba sa cin fiye da minti shida ko bakwai. Rabon surori ba daga marubucin ya zo ba, a farkon ƙarni na 13 aka yi shi, ana kuma danganta shi da Stephen Langton na Kantabari a Ingila. Wannan rabon ya yanke rana ta bakwai ya jefa ta sura ta biyu, shi ya sa ɗalibai da yawa suke ɗaukar cewa da halittar mutum labarin ya ƙare, alhali da hutun Allah da tsarkake rana ta bakwai ya ƙare.

Bayan karatu sai a ja layi a raba allo biyu. A gefe ɗaya a jera rana ta 1 zuwa ta 3, a ɗaya gefen ta 4 zuwa ta 6, kowace a gaban takwararta. Rana ta 1 an raba haske da duhu, ta 4 an sa rana da wata da taurari. Ta 2 an raba ruwan sama da na ƙasa, ta 5 tsuntsaye da kifaye sun cika su. Ta 3 busasshiyar ƙasa ta bayyana da tsire-tsirenta, ta 6 dabbobi da mutum suka zauna a kai. Aya ta 2 ta ce duniya ba ta da siffa, kuma wofi take. Kwana ukun farko sun ba ta siffa, ukun baya sun cika ta, kamar yadda ake gama ginin ɗaki kafin a yi jere. A bar ɗalibai su gano wannan da kansu, ya fi zama a kansu fiye da a ba su a shirye. A sa su kuma su ƙirga sau nawa aka ce Allah ya ga yana da kyau. Sau bakwai ne: babu ko ɗaya a rana ta biyu, biyu a ta uku, na ƙarshe kuma a aya ta 31 shi ne "ƙwarai". Wanda ya ƙirga wannan da yatsansa ba zai yi saurin yarda da wa'azin da ke cewa jiki da abinci da aure ƙazanta ne ba.

Aya ta 16 ba ta kira rana da wata da sunansu ba, babban haske da ƙaramin haske kawai ta ce. Maƙwabtan Isra'ila sujada suke yi musu, a Masar da Babila duka. Akwai labarin halitta na Babila, Enuma Elish, wanda aka tono allunansa a Nineba, George Smith ya buga shi a 1876. A cikinsa gunki Marduk ya kashe Tiyamat, ya tsaga gawarta biyu ya yi sama da ƙasa, aka kuma yi mutum daga jinin wani gunki da aka kashe domin ya ɗauke wa alloli wahalar aiki. Minti biyar sun isa a ba da wannan a aji, amfaninsu kuwa babba ne, don ɗalibi zai ga abin da Farawa take musuntawa. Babu yaƙi, babu abokin hamayya, Allah ya yi magana abu ya kasance, rana da wata kuwa fitilu ne masu nuna lokaci.

A kan 1:26 zuwa 28 ya kamata malami ya fi daɗewa. An halicci mutum cikin siffar Allah da kamanninsa, aya ta 27 kuma ta fito fili cewa namiji da ta mace ne. Kuskure biyu ake yi a nan. Wasu su ɗauka Allah yana da hannu da ƙafa irin namu, alhali Yahaya 4:24 ta ce Allah ruhu ne. Wasu kuma su mayar da siffar ta zama kaifin hankali kawai, ba su lura cewa da haka sun fitar da jariri da mai taɓin hankali da tsohon da ya ruɗe ba. Nassin bai rataya siffar ga iyawa ba. Ya haɗa ta da matsayi: mutum wakili ne da aka ɗora bisa halitta, mai amsa wa Mahaliccinsa. Zunubi ya ɓata ta amma bai share ta ba, hujjar kuwa tana cikin littafin. A 5:1 zuwa 3 an maimaita ta kafin a ce Adamu ya haifi Shitu cikin kamanninsa. A 9:6, bayan ruwan tsufana, dalilin hana zubar da jinin mutum shi ne an yi shi cikin siffar Allah. Yakubu 3:9 ta tsawata wa harshen da ke yabon Ubangiji yana zagin mutanen da aka yi cikin kamanninsa. A garuruwan da aka sha zubar da jini da sunan ƙabila ko addini, wannan ba darasin takarda ba ne. Dole malami ya faɗa ba kwana-kwana cewa ayar ta rufe wanda ake ganin maƙiyi ne kamar yadda ta rufe ɗan ikilisiya. Ayyukan Manzanni 17:26 ta ce daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai.

A nan ne kuma ya dace a tone wata ƙarya da ta daɗe, wai an la'anci Ham ɗan Nuhu shi ya sa baƙar fata ya zama bawa. A buɗe Farawa 9:25 kowa ya gani da idonsa: Kan'ana ɗan Ham ne Nuhu ya la'anta, ba a kuma ambaci launin fata ba. Masu cinikin bayi da masu kāre su ne suka yaɗa wancan fassarar.

Sura ta biyu, daga aya ta 4, ta matso kusa. Mai karatu da kula zai ga jerin abubuwa bai zo daidai da na sura ta farko ba, kuma gara malami ya nuna wannan da kansa da a bar wani ya nuna wa ɗalibin daga baya a matsayin tonon asiri. Ta farko ta dubi sammai da ƙasa gaba ɗaya, ta biyu ta tsaya a gona ɗaya da mutum ɗaya da matarsa. Yesu ya haɗa su biyun a Matiyu 19:4 zuwa 6 ba tare da ya ga saɓani ba. Abu uku ne bai kamata su wuce ba. An yi mutum daga turɓaya, Allah ya hura masa numfashin rai, wato ƙasƙanci da daraja a aya guda. An sa shi a gonar Aidan ya nome ta ya kiyaye ta a 2:15, tun kafin zunubi, don haka noma ba la'ana ba ne, wahalarsa da ƙayarsa ne suka zo daga baya, kuma "kiyayewa" ta shafi yadda ake sare itatuwa da ƙona daji. Na uku, abin farko da Allah ya ce ba shi da kyau shi ne zaman mutum shi kaɗai. Mataimakin da aka yi masa ba kuyanga ba ce, don da wannan suna Zabura 121:2 ta kira taimakon Ubangiji kansa. Aya ta 24 kuwa namiji ta ce zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa, abin da ya kamata a tattauna a natse a inda amarya ce ke tarewa a gidan surukai.

Kafin a shiga sura ta uku akwai wata dabara mai amfani. A sa ɗalibai su rufe littafi su faɗi labarin faɗuwa daga ka, a rubuta, sannan a buɗe a kwatanta. Abubuwan da babu su a nassin za su fito. Ba a faɗi sunan 'ya'yan itacen ba. Ba a ce zunubin saduwar miji da mata ba ne, ai tun 1:28 aka sa musu albarkar haihuwa. Adamu bai yi nisa ba, 3:6 ta ce yana tare da ita, shi kuma aka fara kira. Maciji da ƙasa ne aka ce an la'anta, ba a faɗi haka a kan matar ko mijin ba, ko da yake hukunci ya same su. Wani zai kawo labarin Iblis da ya ƙi yi wa Adamu sujada, wannan daga Alƙur'ani yake, ba ya cikin Farawa. Wani zai kawo tatsuniyar da ake ji a wajen masu bori, cewa Hawwa'u ta ɓoye kyawawan 'ya'yanta suka zama iskoki. A mayar da kowane labari gidansa ba tare da ba'a ba. Da maƙwabta Musulmi mun yi tarayya a kan Mahalicci ɗaya, da kwana shida, da Adamu daga ƙasa. Mun rabu a kan siffar Allah da kuma abin da zunubin Adamu ya jawo wa zuriyarsa. Ɗalibin da ya san iyakar nan zai yi zance da maƙwabcinsa cikin mutunci. Tambayar inda Kayinu ɗan Adamu ya sami mata kuwa ba ta buƙatar rabin awa, 5:4 ta ce Adamu ya haifi waɗansu 'ya'ya maza da mata.

Sai yanzu za a koma gefen allo. Shekarar 4004 kafin Almasihu da ake gani a gefen wasu tsofaffin Littattafai na Turanci lissafin Babban Bishop James Ussher na Armagh ne, wanda ya buga a 1650, ba aya ba ce. Ya tara shekarun asali ne, kuma tara su yana da matsala biyu. Jerin asali yakan tsallake sunaye, Matiyu 1:8 ta tsallake sarakuna uku tsakanin Yoram da Azariya. Sannan tsohuwar fassarar Helenanci ta ba Adamu shekara 230 a haihuwar Shitu inda Ibrananci ya ce 130. Game da kwanakin, masu bi na gaskiya sun daɗe da bambanci. Basil na Kaisariya a ƙarni na 4 ya ɗauke su kwanaki irin namu. Agustin na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya ga Allah ya halicci kome a lokaci guda, ya kuma yi gargaɗi cewa Kirista da ya yi shirme a kan taurari ko ƙasa yana jingina shi ga Nassi zai sa masu ilimi su raina Nassin. Masu cewa awa 24 suna riƙe da maimaita "maraice da safiya" da Fitowa 20:11. Masu cewa dogayen zamanai ne, ko tsari ne na koyarwa, suna nuna cewa sai rana ta huɗu aka yi rana, kuma ta bakwai ba a rufe ta da maraice da safiya ba. Malami ya koyar da matsayin ikilisiyarsa in tana da shi, amma ya faɗi hujjar ɗaya ɓangaren yadda masu ita za su yarda haka take.

Haka ma kimiyya. Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya kusan biliyan 13.8, na duniya kusan biliyan 4.5. Wanda ya fara kawo ra'ayin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga wani mafari, a 1927 da 1931, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître. Littafin Darwin na 1859 da waɗanda suka biyo shi ba su ce birin yau ne ya haifi mutum ba, kaka ɗaya suka ce an haɗa. Ko malami bai yarda da wannan ba, ya faɗe shi daidai, domin ɗalibin da ya kama shi da kuskure a abin da ya sani zai yi shakkarsa a abin da bai sani ba. Ikilisiyoyin bishara da yawa sun ƙi ra'ayin gaba ɗaya. Fafaroma Pius na 12 a 1950 ya yarda a bincika asalin jikin mutum, amma ya tsaya cewa Allah ne ke halittar kurwa kai tsaye, kuma 'yan Adam duka daga Adamu suka fito.

A ganina inda bai kamata a sassauta ba shi ne wannan na ƙarshe, tare da cewa daga babu Allah ya yi kome, kamar yadda Ibraniyawa 11:3 ta koyar. Dalili yana Romawa 5:12 zuwa 19, kuma darasin ƙarshe can ya kamata ya tafi. A sa ɗalibai su ja layi ƙarƙashin kowane wurin da Bulus ya ce "mutum ɗaya" ko "ɗaya", su raba na Adamu da na Almasihu. Ta wurin ɗaya zunubi da mutuwa suka shigo, ta wurin ɗaya alheri da rai. A haɗa da 1 Korantiyawa 15:22 da 45, inda aka kira Yesu Adamu na ƙarshe, da Yahaya 1:3 da Kolosiyawa 1:16, inda aka ce ta wurinsa aka yi kome. A ware wa wannan zama cikakke nasa. In aka matse shi cikin minti goma na ƙarshen darasin kimiyya, masu shirin baftisma za su fita da ra'ayi a kan shekarun duniya, amma in dattawa suka tambaye su me ya haɗa Adamu da gicciye sai su yi shiru.