Godiya ga ƴan uwa masu gini na Damagaram, da bayani kan rediyon nan da ake ta magana

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki, na nan Damagaram da na nesa.

Tuntuni nake son rubuta wannan saƙo aiki bai bari ba, sai yanzu da muka zuba dal ɗin sama, wato rufin kankare, aka ɗan samu sarari. Galibinku kun ji abin da ya faru a shantiyen da muke gini a bayan gari ta hanyar Tanut, ɓarayi suka fasa mangaza cikin dare suka kwashe kayan aiki kaf, injin huda, injin yankan ƙarfe, batura da cajarsu, wayoyin kuran, wato lantarki, har ƴar tsohuwar akwatin rediyon da muke ɗaure da roba ba su bari ba. An kai magana inda ya kamata, sauran mun bar wa Allah. Ni godiya na zo yi.

Na farko Alhaji mai ginin. Wallahi da safen nan da na kira shi a tarho gabana faɗuwa yake, don ƙarfensa ma an ɗiba, amma abin da ya fara tambaya shi ne lafiyar Baba mai gadi, da yake sun ɗaure shi sun bar shi cikin sanyin hunturu har asuba. Shi ya kai shi likita da motarsa, shi ya biya magani, bai cire mini ko dala daga kuɗin aiki ba. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa a shiga gidan nan lafiya. Baba ya warware, ya koma bakin aikinsa, kuma ya ce in gaida duk wanda ya je duba shi.

Sai maigidana da ya koya mini riƙe cokalin gini tun ina yaro a Birni. Tsufa ya zaunar da shi amma da ya ji labari sai ga jikansa da amalanke, ya aiko mini da ma'aunin ruwa da igiyar awo da cokula waɗanda wasu sun girme ni. Baba, ba ni da bakin gode maka. Masu walda na Sabon Gari da suka ara mana injin yanka suka ce kada in ƙirga kwana, kafintocin da suka kafa mana katakon dal bashi, ƴan ga-ruwa da masu amalanken jaki da suka ci gaba da kawo mana ruwa alhali sun san aljihu babu, kuma duk wanda ya san Zinder ya san abin da ake nufi da mutum ya ba ka ruwa bashi a rani. Hajiya mai abinci ta ci gaba da zuba wa yarana shinkafa da wake tana rubutawa a littafi ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ƴan uwa da ke Agadas da Arlit da Kano da waɗanda ke Libiya, wani jika 2 wani jika 5 wani fiye, ta Nita da Amana saƙo yana ta shigowa har da mutanen da rabona da su tun muna lakkol. Ban ambaci sunan kowa ba don da yawa sun roƙe ni kada in faɗa. Allah ya san ku, ya saka muku da mafificin alheri.

To yanzu maganar rediyo, don ta iso kunnena. An ce wai an tara wa mutum gudummawa ya je ya sayo rediyon gayu. Ban ji haushi ba, wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin ya tambaya. Kuɗin gudummawa kayan aiki aka saya da su, injin huda da injin yanka da batura 2 da caja, takardun suna wurina ga mai son gani. Rediyon kuwa yarana ne suka yi karo-karo daga kuɗin ranarsu, ƙanena da ke Kano ya cika, ni aikina kawai zaɓe. Kuma tun da mutane da yawa sun tambaye ni yaya aka yi na zaɓa, bari in faɗa a nan kowa ya ji, wataƙila ya amfani wani.

Wanda bai taɓa wuni a shantiye ba zai ɗauka rediyo abin wasa ne. Ku tambayi duk shugaban aiki abin da ke faruwa lokacin kokowar takobi, wadda ake yi tun 1975, in aka ce yau ɗan Damagaram zai shiga fili. In babu rediyo a wurin, ɗaya bayan ɗaya za ka ga lebura suna zamewa wai za su sha ruwa, kwaɓin siminti yana bushewa a ƙasa. In akwai, kowa yana aikinsa yana ihu a inda yake. Da azumi tafsiri ne ke riƙe mutane daga hantsi zuwa azahar. Sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure a nan muke ji, da damina kuma hasashen ruwan sama, wanda mai shirin zuba kankare ba ya wasa da shi. Amma babban dalilina ni daban ne: abin kunne. Yaran yanzu kowa ya toshe kunnuwansa da waya, kana bisa kana ihu a kauce bulo zai sauko, na ƙasa bai san kana yi ba. Na hana abin kunne a shantiyena, kuma ba ka hana matashi abu ka bar shi hannu sake. Rediyo ɗaya a fili, kowa na ji, kunnen kowa a buɗe.

Da na tashi zaɓe sai na je wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Kasuwar Dole, mutumin da ya shekara da shekaru yana buɗe cikin akwatuna, shi ma yana cikin waɗanda nake yi wa godiya don ko sisi bai karɓa ba. Na fara yi masa zancen ƙarar sauti ya ce malam bar wannan, wane batir ke cikin injinanka? Nan ne maganar take. Rediyon shantiye na kamfanonin nan, Makita ko DeWalt ko Bosch ko Milwaukee, kowanne da batirin injinan gidansu yake aiki, na wannan ba ya shiga na wancan. In injin hudarka na Makita ne mai bolt 18 ka sayo rediyon DeWalt, ka jawo wa kanka sayen wani batir da wata caja, kuma sau da yawa kuɗin waɗannan biyun ya kusa na rediyon kansa, don galibi a kwali rediyon kaɗai ke zuwa ba batir. Mu injinan da muka saya na Makita ne saboda su abokan aikina suka fi riƙewa, in batirinka ya mutu ka ari na maƙwabci. Shi ke nan rediyo ya bi batir.

A nan akwai abin lura. Ba kowane rediyon shantiye ke cajin batir ba. Wasu in ka sa su a kuran suna waƙa suna cajin batirin da ke ciki, wasu kuwa amfani kawai suke da shi, caja daban. Namu irin na biyun ne, kuma bai dame ni ba tun da inda muke aiki layin kuran bai iso ba balle a yi zancen sa shi a bango, da dare nake cajin batura a gida ko wurin maƙwabcinmu mai sola. Amma wanda ke aikin cikin gari, mai fenti ko mai tayil da ke da kuran kusa, mai caji a ciki zai fi masa.

Na biyu ƙura. Duk rediyon da muka taɓa kashewa ƙura ce ta kashe shi, ba faɗuwa ba. Ƙurar hunturu daban, garin siminti daban, ga kuma garin ƙarfe in ana yanka, wanda maganaɗisun lasifika ke jawowa ya manne har sauti ya koma kamar na mai mura. A jikin kwali ko takardar akwatin za ku ga IP da lamba biyu. Lambar farko ta ƙura ce, 5 tana nufin ƙura na iya ɗan shiga amma ba ta hana aiki, 6 tana nufin ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce, 4 yayyafi da fantsama, 5 har feshin tiyo. In ka ga X a wurin lambar farko, kamar IPX4, to ba a gwada shi da ƙura ba ke nan, kuma irin waɗannan ƙananan lasifikan bulutut da ke cike da kasuwa yawancinsu haka suke ko ma babu komai a rubuce. Turawa ruwa ya dame su, mu ƙura. Namu IP64 ne. Ko da hakan ba a ce ka tsoma shi a tonon ruwa ba, kuma murfin roba da ke rufe ramukan caji in ka bar shi buɗe lambar nan ta tashi a banza, wannan kullum sai na yi faɗa a kai.

Sai maganar kayan Amurka, wadda ƙanena ya kusa faɗawa ciki a Kano Allah ya sa ya kira kafin ya biya. Ya ga wani babba mai kyau na hannu, da araha. Dattijon nan ya ce a duba bayansa a karanta. Kuran Amurka bolt 120 ne, namu 220, in ba a rubuta yana ɗaukar duka biyun ba kana sa shi a bango ya tafi. Kuma ko ka tsira daga wannan, tashoshin FM na can a kan lamba mara suke, 88.1, 88.3, 88.5, to wasu akwatunan haka suke tsallake, tashar da ke kan lamba cika ba za ka same ta daidai ba. A AM ma su tsallen 10 suke yi mu 9. Wasu ana iya canza musu, wasu ba a iyawa. Na Turai ko na Dubai ba su da wannan matsalar, sai dai su kuma za a ce maka wannan yana da DAB, wato rediyon dijital, a ƙara maka kuɗi, alhali babu tashar da ke watsa DAB a Nijar, kuɗin banza ne. FM ɗinsa ya kama Anfani da Shukura da Muryar Sahel tsaf daga bayan gari, shi ne abin dubawa. Wani abu kuma da dattawa za su so su sani, waɗannan akwatunan ba su da gajeren zango, FM da AM ne kawai. Mai son gajeren zango ya riƙe ƙaramin nasa a aljihu, Baba mai gadi ma nasa na wurinsa.

Jiki kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Kusurwoyi da roba, hannun ɗauka mai kauri, eriya gajera mai lanƙwasa ba irin doguwar sandar da ke karyewa a mako guda ba, maɓallai manya da za ka danna da hannu duk siminti. Nauyinsa ya fi kilo 4, ni kuma hakan na fi so, iska ba ta ture shi, kuma ba ya shiga riga.

Ramin cajin waya shi ne ya kusa haɗa ni faɗa da yarana. Batir mai bolt 18 da amfiya 5 ƙarfinsa wat 90 ne na awa guda, rediyo kaɗai zai wuni a kansa har ya kwana. Amma babbar waya ɗaya tana shan kusan 20, to ku lissafa, waya 4 ko 5 sun shanye batirin da zan huda bango da shi. Yanzu doka ce, batir ɗaya na rediyo da waya, ɗayan na aiki, wanda ya taɓa na aiki shi zai sayi shayin la'asar. Zafi ma haka, watan 4 da na 5 da rana ke wuce 40 ba a barin shi bisa dal, inuwa ake nema masa, kuma batirin da ya yi zafi ba a sa shi caji sai ya huce. Batura na jabu kuwa sun cika gari, fenti iri ɗaya suna iri ɗaya, ka ɗaga ka ji ba nauyi, araharsu ma kaɗai ta isa ta sa ka tsaya. Ku je da wanda ya sani.

Ƙarar sauti da na fara tambaya ita ce ta zo ƙarshe. Kowanne cikinsu yana da ƙarar da ta ishi shantiye, in ana yanka ƙarfe kuma babu rediyon da zai rinjayi injin, kada ma a gwada. Muna da maƙwabta masu jarirai, ga masallaci kusa, ana kiran salla ake kashewa.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya tsare mana dukiya da lafiya, ya sa kada in rama muku ta irin wannan hanya sai ta farin ciki. Waɗanda kayansu ke hannuna har yanzu, masu walda da mai tsani da mai baro 2, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci yarana za su kawo muku har gida in sha Allah. Mai niyyar sayen rediyo kuma ya biyo ta shantiye kafin ya kashe kuɗinsa, ya zo da batirinsa a gwada a gabansa, muna nan har a gama filasta.