Tsafin da ke zuwa da "amma fa"

Duk daren Asabar mu biyar ne a soron gidanmu, muna wasan labari. Ni ke jan labari, sauran kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, dayis kuma a cikin murfin kwano. Labari ne zalla irin na tatsuniya, ba kuɗi a ƙasa, ba mai karanta ɗalasimi. Wata uku ina fama da abu ɗaya: ta yaya matsafin labarin zai yi aikinsa ba tare da ya danne sauran jarumai ba?

Da farko na ɗauki tsarin Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. A can matsafi kan haddace ƙulle-ƙullensa na tsafi, wanda ya jefa sai ya goge daga kansa har sai ya huta ya sake hadda. Daga littafin Jack Vance na 1950, The Dying Earth, aka aro dabarar. Lissafinta a fili yake, ba cuta. Amma ƙanena, wanda ke riƙe da matsafin, sai ya ƙanƙame ƙullinsa biyu kamar kuɗin cefanen ƙarshen wata. Dare ya ƙare bai jefa ko ɗaya ba, yana jiran dodon da bai zo ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron ya zo ne ya yi wasa.

Na gwada salon wasan Ars Magica na 1987, inda ake yin tsafi ta haɗa aiki da abu, kamar "ƙirƙira" da "wuta". Ya burge ni, sai dai kowane jifa sai mun yi gardama.

Mafita daga hirar kakata ta fito. In tana ba mu labarin layar zana ko sagau, bokan bai taɓa miƙa abu ya yi shiru ba, sai ya ce "amma fa". Kada ka waiga. Kada ka ci abincin biki. Duk zaƙin labarin yana wajen wannan sharaɗi, domin tun daga nan kake jiran ranar da za a karya shi.

Sai na gina dokar a kai. Dayis biyu na lido ake jefawa, tunda mai fuska 20 irin na Dungeons & Dragons wahalar samu gare shi a nan, kuma rabon sakamakon daga wasan Apocalypse World na 2010 na koya. Daga 10 zuwa sama, tsafi ya ci lafiya lau. Daga 6 zuwa ƙasa, ya juye kan mai shi. Tsakanin 7 da 9 kuwa ya ci, amma ni zan ɗora sharaɗi, kuma wannan tsakiyar tana faɗowa sau 15 cikin 36.

Makon jiya ƙanena ya nemi ya ɓace a ƙofar fada, ya jefa 8. Na ce masa, "Ka ɓace, amma fa kada ka yi magana har asuba." Can cikin labari jarumin abokinmu ya nufi wani rami da matsafin kaɗai ya gani. Na ga yaron ya toshe bakinsa da hannu biyu, ƙafarsa na rawa a kan tabarma, yana kallon dayis yana kallona. Can sai ya daka tsawa: "Tsaya!" Nan take ya bayyana a tsakiyar dogarai. Shayinmu har ya huce ba wanda ya taɓa.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne tsafin warkarwa. Sharaɗin ya kamata ya hau kan mai warkarwa ne ko kan wanda aka warkar? Na fi karkata ga na biyu, kuma shi zan gwada Asabar mai zuwa.