Gefen hagu da gefen dama: daminar da na yi ina ƙirga raƙuman dawa a Kure

Ranar farko da na shiga aikin ƙidayar raƙuman dawa, na dawo masauki da yamma na miƙa wa shugaban ayarinmu takarda mai ɗauke da raƙuma goma sha ɗaya. Dattijo ne cikin ma'aikatan gandun daji, ba mai yawan magana ba. Ya zauna a kan tabarma, ya buɗe hotunan da na ɗauka a kwamfuta, ya yi ta dubawa har aka kira sallar isha'i. Sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, bakwai ka gani."

Na ce, "Baba, da idona na ƙirga su."

Ya jera mini hotuna biyu. Raƙuma ɗaya ce, da safe na ɗauke ta ta hagu, da azahar na sake haɗuwa da ita ta dama, na rubuta ta a matsayin biyu. Haka na yi wa guda huɗu. Raina ya ɓaci ƙwarai a daren nan, domin na gane cewa da ba a duba ba, da kuskurena ya shiga lissafin da hukuma za ta dogara da shi.

Ni ɗan Dogondutsi ne, kuma sau da yawa na bi ta Kure a mota kan hanyar Yamai zuwa Doso, amma ban taɓa sauka ba sai da wannan aiki ya kai ni. Garin yana da nisan kamar kilomita 60 daga Yamai. A nan ne ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke, irin nan masu hasken fata, waɗanda a da suke yawo tun daga Sanagal har tafkin Chadi. Farauta da fari da saran daji suka cinye su, har a shekarar 1996 aka ƙirga 49 kacal. Yau sun haura 600. Dabbar da ta taɓa komawa 49, ba a ƙirga ta da "kamar" ko "wajen". Shi ya sa dattijon bai ɗaga mini ƙafa ba.

Ga yadda aikin yake. Zanen jikin kowane raƙumi nasa ne shi kaɗai, da shi ake haihuwarsa, kuma ba ya sauyawa, sai dai ya ƙara duhu idan namiji ya manyanta. Amma zanen hagu daban, na dama daban. Don haka ba a cewa an san raƙumi sai an sami hotonsa ta gefe biyu a tsayuwa ɗaya, an haɗa da kundin shekarun baya. Da damina ake yin ƙidayar, lokacin da suke hawowa kan tudu, cikin dajin nan da geza da sabara suke tsirowa layi-layi da fako a tsakaninsu. Da rani kuwa gangarawa suke yi Dallol Boso, su watsu cikin gonaki.

Wahalar tana wajen samun gefe na biyu. Raƙumin dawa yana da ido, tun daga nesa ya hango ka. Idan ka zagaya don ka ga damansa, shi ma sai ya juya yana fuskantarka. Na ɓata kwana biyu ina zagaye kafin wani ɗan rakiya Bazabarme ya ce mini in daina. "Ka zauna ƙarƙashin itace, aboki. Cinsa ne zai juyo maka da shi." Haka kuwa aka yi. Idan ka natsu, sai ya manta da kai, ya bi reshe ya kewaye bishiyar da kansa.

Zaman nan ne ya nuna mini abin da littafi bai nuna mini ba. Na ga harshe baƙi-baƙi, mai tsawon kusan kamu ɗaya, yana ratsa ƙaya yana zare ganye kamar mace tana tsinkar zogale. Na ga tuƙa tana hawowa ta cikin dogon wuyan nan, dunƙule guda, kana iya binta da ido tun daga ƙirji har baki. Wuyan da ya kai haka tsawo, ƙasusuwansa bakwai ne, daidai da nawa da na akuya, kowanne ne dai ya miƙe. Na koyi bambanta jinsi ta ƙaho: na mace siriri ne da tuntun gashi a kai, na namiji kauri gare shi kuma kansa a goge, saboda dukan da suke yi wa juna da wuya. Tafiyarsa irin ta raƙumin gida ce, ƙafafun gefe ɗaya suke ɗagawa tare. Wanda ya raɗa masa suna a Hausa ya kalle shi da kyau.

Akwai wata mace da na fi sani, tana da wani zane a gindin wuya ta hagu mai kama da ruwan hauya. Tana tare da ɗan jariri wanda cibiyarsa ba ta faɗi ba, amma ya riga ya fi ni tsawo. Wata goma sha biyar take ɗauke da ciki, ta haifi ɗaya, kuma a tsaye take haihuwa. Da na lissafa wannan, sai na fahimci irin shekarun da aka ɗauka kafin 49 su zama ɗaruruwa, da kuma girman asarar idan mota ta buge mace ɗaya a kan kwalta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa, ba a daji na same shi ba. Kure ba gandun da aka kewaye ba ne, raƙuman a cikin mutane suke zaune. Wata rana muka tsaya shan ruwa a wani ƙauye, wani tsoho da ke jin Hausa ya ja hannuna zuwa gonarsa. Geron yana nan lafiya, don ba su cika damuwa da shi ba. Waken da ya shuka a tsakani ne suke bi, kuma ya ce bara haka suka yi masa, har harawar da ya ɗora a kan itace ba su bari ba, tunda babu inda wuyansu bai kai.

Ya ce, "Yaro, kullum kuna zuwa kuna rubuta nawa suka ƙaru. Wa yake rubuta nawa na rasa?"

Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Ban da abin da zan ƙara. A takardata akwai gurbin jinsi, da shekaru, da wurin da aka ga dabba, amma babu gurbin wake. Ƙungiyoyin da ke aikin kare raƙuman sun haƙa rijiyoyi, sun ba mata ƙananan basussuka, kuma hakan ya taimaka. Duk da haka ni a ganina, wanda ya fi kowa biyan kuɗin wannan nasara shi ne manomin da ya ga dabba a cikin wakensa ya kore ta da ihu, bai ɗauko bindiga ba. Tun daga ranar na buɗe shafi a bayan littafina ina rubuta ɓarnar da aka nuna mini, ina miƙa wa shugabanmu tare da hotuna.

Na kuma lura da itace. Kowace safiya amalanke da manyan motoci suna fita da itacen girki zuwa Yamai, daga dajin da raƙuman suke kiwo da damina. Gawo ne yake riƙe su da rani, shi da yake fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, sai aduwa. Inda manomi ya bar gawo a gonarsa, nan za ka tarar da sawunsu.

A 2018 an ɗauki raƙuma takwas daga yankin aka kai Gadabeji a jihar Maradi, inda irinsu suka ɓace kusan shekara 50 kafin nan, don kada a bar su duka a wuri guda. Sai kuma ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida masu aikin agaji, da direbansu, da ɗan rakiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Baƙi suka ɗauke ƙafa, 'yan rakiyar da suka koya mini zama ƙarƙashin itace suka rasa abin yi.

Ban sake komawa aikin ba tun lokacin. Idan wani abokin aiki ya turo mini sababbin hotuna a waya, gindin wuya nake fara dubawa, ta hagu, ko zan ga ruwan hauyar nan.