Kunkunniyar injin gazuwal da abin da take gaya wa mai gyara

Shekara goma sha bakwai ke nan ina gyaran injinan wuta masu shan gazuwal, waɗanda mutanen Yamai ke kira gurup, a wani ɗan garaji da ke unguwar Bukoki, tare da yara huɗu masu koyon aiki. Duk lokacin da aka kira ni kan injin da ya ƙi lafiya, kafin in taɓa sifana sai in sa yatsa cikin bututun hayaƙi in shafo, domin baƙin da ya manne a yatsan shi ne ke fara ba ni labari.

Wannan baƙin kunkunniya ce, ƴar'uwar wadda ke taruwa a rufin madafa da gindin tukunya. Asalinta mai ne da bai ƙone duka ba, ko don iska ta yi masa kaɗan, ko don injekta, wato bakin da ke fesa mai cikin injin, ta lalace tana ɗigar da shi maimakon ta fesa. Idan na same ta busasshiya kamar garin gawayi, matacin iska nake fara buɗewa, musamman a hunturu, lokacin da ƙura ke toshe shi cikin ƴan makonni. Idan kuwa tana da danƙo tana naso a mahaɗar bututu, to galibi injin ya fi ƙarfin aikin da aka ɗora masa, bai yin zafin da zai cinye mansa.

Na ga irin haka sosai bayan watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta katse wutar da take ba ƙasarmu, jama'a suka ruga sayen injin ba tare da shawara ba. Wani dattijo mai kanti ya sayi ƙato don firij biyu da ƴan fitilu, bayan wata uku bangon bayan kantinsa ya yi baƙi ƙirin. Na shafo kunkunniyar na nuna masa a tafin hannuna, na ce: "Alhaji, wannan gazuwal ɗinka ne da ka biya kuɗinsa, ya fita bai ba ka wuta ba." Muka wanke injekta, muka yi juyen baƙin mai, wanda shi ma kunkunniya ke kaurara shi har ya riƙa cin ƙarfe, sannan ya ja wa maƙwabtansa biyu waya don injin ya sami nauyin da ya dace da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙirjin yarana. Ƙwayoyin kunkunniya ƙanana ne ƙwarai, suna wuce hanci su kai can cikin huhu, kuma tun 2012 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke haddasa kansar huhu. Maigidan da ya koya mini aiki da iska yake hure bututu, mu kuma mu tsaya a cikin ƙurar muna tari. A garajina na hana wannan: da ruwa da buroshi ake wankewa, kowane yaro da takunkumi a hanci, kuma ba a gwada injin sai an jawo shi waje an juya bututunsa inda iska za ta kwashe hayaƙin.